Ƙwayoyin Yaya a Bakin Zanen Goggo

Wata biyar bayan an yi wa yayata dashen ɓargo a ƙasar waje muka dawo gida Talata Mafara. Sikila ce ta cinye mata ƙuruciya, ɓargon da aka dasa mata kuwa a jikina aka ɗiba. Likita ya sallame mu da wata farar ƙwaya, safe da yamma har shekara. Ya ce sabon ɓargon bai yi ƙwari ba tukuna. Ƙwayar cuta irin ta ƙarambau, da ke kwance a jiki tun yarinta, tana iya farkawa ta kayar da ita. Maganin na tsari ne, kuma ba a tsallake rana.

Ni aka bar wa aikin, don ni ce mai karatu. Na gaji da bayani. Duk mai zuwa barka sai ya dubi kumatun Yaya ya ce, "To maganin mi kuma take sha?"

Wata rana ina makaranta Goggo, yayar Baba, ta zo daga Bakura. Jikanta na masassara, sai ta ce Inna ta sam mata maganin ƙasar waje. A wurinmu ba a hana magani, balle ga dangin miji. Inna ta juye mata fiye da rabi.

Da na dawo na ɗaga robar na ji ba nauyi. Saura na kwana huɗu, sabon da za a aiko kuwa sai bayan mako biyu, kemis ɗin garinmu ba su da shi. Inna ta ce ba ta da idon zuwa. Baba yana gona a Maradun. Na shiga motar Bakura.

Ni da da ƙyar ake jin muryata, na durƙusa gaban Goggo na tambayi gida, gajiya, mai jiki, har gaisuwa ta ƙare, babu sauran wurin ɓuya.

"Goggo, maganin Yaya na zo karɓa."

"Ikon Allah! Ke ɗiyar boko, kyauta ake biyowa? Ɓargo kin bayar, ƙwaya ta gagare ki?"

Na ce in Yaya ta daina sha, duk wahalar nan tana iya tashi a banza. Ta kwance bakin zane ta miƙo ƙullin leda. Biyu sun riga sun shiga cikin jikan. Na roƙe ta a kai shi asibiti.

Ba ta raka ni ƙofa ba. Yaya ta cika shekararta lafiya, amma Goggo ba ta sake taka gidanmu ba, kuma ni Baba ya ɗora wa laifi.