Hannun da Ya Riƙe Ni, Ya Riƙe Biro

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da likita ya sa biro a tafin hannun mahaifina ba.

Baba baduku ne a Dukawuya, ni kuwa ɗansa mai taurin kan tsiya. Shekara uku ban taka gidan ba, tun ranar da na ce masa ba zan ƙare rayuwata ina warin fata ba. Kullum sai in ce gobe zan je, har aka bugo mini waya cewa ya yanke jiki ya faɗi, an kai shi asibiti.

Na same shi kwance, ido buɗe, ba magana. Gwaggo, ƙanwarsa, ta tura ni gaba, ta ce in nemi gafara tun da sauran numfashi. Na durƙusa, na sa hannuna cikin nasa, na ce, "Baba, ka yafe mini." Sai ya damƙe ni, damƙa irin ta mai jan fata. Ɗaki ya ɗauki hamdala, Gwaggo tana kuka tana cewa ya yafe. Rabona da samun sanyin zuciya irin wannan har na manta.

Washegari da hantsi likitan ƙwaƙwalwa ya zo, ni kaɗai ke wurin. Ya goga biro a tafin hannun Baba, Baba ya damƙe shi daidai yadda ya damƙe ni. Ya taɓa gefen leɓensa, sai ga dattijo ya juyo da baki yana neman tsotso. Ya ja mukulli a tafin ƙafarsa, babban yatsan ya ɗago sama, sauran suka bazu.

Likitan ya ce da waɗannan motsin ake haifar kowa. Jariri na girma sai ƙwaƙwalwa ta danne su, amma ba sa gogewa. In suka dawo wa babba, alama ce sashen da ke danne su ya samu rauni. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Ashe mutumin da gyaran muryarsa kaɗai ke watsa mu daga zaure, shekara saba'in yana yawo da jariri ɓoye a jikinsa, ni ma haka nake.

Da ƙyar na tambaye shi, to riƙon jiya fa? Ya ce, "Malam, hannun nan zai riƙe duk abin da ya taɓa shi. Ko ya ji ka, ko bai ji ba, wannan ba ni da abin auna shi."

Bayan kwana tara Baba ya rasu, bai ƙara cewa uffan ba. Ban taɓa faɗa wa Gwaggo ba, har yau tana ba baƙi labarin yadda ya yafe mini, ni kuma ina sunkuyar da kai. Abin da na koya shi ne, in kana da wanda ka ɓata wa, ka je ka kama hannunsa tun yana da ikon fizge shi.