Ruwan da Aka Zuƙo Daga Ƙuguna

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubutu a nan. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma 'yan ajinmu na Zuru sun daɗe suna tambayar inda na shiga, ni kuma na yi shiru.

Ina da sikila. Ita ta cinye mini kan ƙashin ƙugu, har aka sa mini na ƙarfe. Na warke, na koma makaranta da ƙafata.

Da daminar bara ciwo ya dawo. Inna ta ce sanyi ne ya kama ƙarfen, ta riƙa gasa mini da tawul. Baba ya ce sikilar ce ta motsa, ya karɓo mini kafson kashe ƙwayoyin cuta a kemis. In na sha zazzaɓi ya lafa, in ya ƙare ya dawo.

Ni na san ba sikila ba ce. Ciwonta yawo yake yi. Wannan kuwa yana zaune wuri ɗaya, yana zogi ko ina kwance. Amma ban iya musa wa Baba ba.

Da na kasa taka ƙafar, muka tafi Sakkwato wajen likitar ƙashi. Mace ce 'yar gajera, ba ta gaggawa. Baba ya soma bayani, sai ta yi murmushi.

"Alhaji, ƙugun naka ne ko nata?"

Ta jawo kujera kusa da ni. "Ƙanwata, ke nake saurare."

Na faɗa mata yadda ciwon yake. Ba ta katse ni ba. Ta ce tana zargin ƙwayoyin cuta sun manne wa ƙarfen, kuma hoto da gwajin jini kaɗai ba za su tabbatar ba, sai an zuƙo ruwan gaɓar. Amma in bar kafso mako biyu tukuna, domin yana ɓoye ƙwayoyin.

Da Inna ta ji, ta ce, "Wace irin likita ce mai hana mara lahiya magani?"

Na sha wuya a makonnin nan. Tsorona ɗaya, kada in ƙare a keken guragu.

Ranar gwajin likitar ta sa allurar kashe zafi, tana kallon hoton na'ura ta soka doguwar allura a gaɓar. Ruwan ya fito gurɓatacce kamar na wankin shinkafa. A ɗakin gwaji suka ƙirga fararen ƙwayoyin jini, suka reni ƙwayar cutar ta yaɗu har suka gane ta da maganin da ke kashe ta.

Aka cire ƙarfen, aka sa na wucin gadi mai magani. Na sha allurai. Baba ya sayar da babur ɗinsa, bai taɓa ambata mini ba.

Bayan watanni likitar ta sake zuƙo ruwan. Ta ɗaga sirinjin wajen taga. Garau, kamar man gyaɗa.

"Kin gani? Amma sai ɗakin gwaji sun yarda."

Suka yarda. Aka sa mini sabon ƙarfe. Yanzu da kaina nake zuwa makaranta.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitata da iyayena da alheri.

In kuna da mai gaɓar ƙarfe, ciwo ya dawo masa, kada ku fara da kafso. Ku kai shi asibiti, kuma ku bar shi ya faɗi da bakinsa.

Ranar sallama likitar ta ce mini, "Bakinki ne ya fara gano ciwon nan, kada ki sake rufe shi." Don haka nake roƙo, in ban takura muku ba, ku ba ni izini in sake rubutu.