Tiren Waken Gwaggo

Gwaggona, yayar babana, ta yi shekara talatin tana sayar da abinci a wata rumfa bayan tashar mota. Benci biyu ne, tukwane uku, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Ba ta yi boko ba, amma duk wanda zuciyarsa ta yi zafi a layinmu wurinta yake nufa: direbobi, matan aure, har ɗan sandan da ke tsaye a mahaɗa.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Kafin ka buɗe baki za ta dire maka tiren wake. Ka tsince shi tas, bakinka a rufe, kana ambaton Allah a zuci, duk tsakuwar da ka cire ka jefar da ita tare da ɓacin rai guda. Ta ce haka kakarta ta koya mata. Galibi kafin mutum ya gama ya manta rabin ƙarar da ya kawo, ita kuwa an tsince mata wakenta a ɓagas.

Mijin 'yarta malamin kimiyya ne a sakandare. Farfesa muke ce masa, don ko gaisuwa sai ya haɗa ta da bayani. Shi ne wata rana ya zauna ya warware mana sirrin: wai maimaita aikin hannu yana rage bugun zuciya, ƙwaƙwalwa ta huce, babu wani abin ɓoye.

"Ashe haka ne?" in ji Gwaggo. "Allah ya ƙara basira, ɗana. Miƙo min ludayin can."

Ba a yi wata biyu ba suka yi faɗa da matarsa. Tana tsakiyar fushi ya ce mata ta ja numfashi sau goma, sinadaran jikinta ne suka hau. Ta ja mayafinta ta taho gidan uwarta.

Washegari ina rumfar ina cin abinci sai ga Farfesa, ido ja, da shiryayyen jawabi a bakinsa. Gwaggo ta dire masa tire.

"Haba Mama, ai na san yadda abin yake aiki."

"Kai ka sani. Waken bai san ka sani ba. Tsince."

Ya zauna da nektai a wuya yana tsinta. Da idona na gani: duk sanda ya waiwaya, sai ta faki idonsa ta watsa masa a tiren wasu tsakuwoyin da ta dunƙule a hannu. Tun hantsi har la'asar. Da farko yana ta tsaki, can kuma na ga yana share ido da hannun riga. Da ya miƙe, jawabin bai fito ba. Ya ce, "Mama, ni ne da laifi." Ta ce ba ita zai gaya wa ba, ta nuna masa da ludayi hanyar gidanta, inda matarsa take.

A ranar suka shirya. Har yau Farfesa bai janye maganarsa ba, yana cewa kimiyyarsa ce ta tabbata a kansa. Gwaggo kuma ta ce da sani kawai yana warkarwa, da bai yini a bencinta ba. Sun bar zancen a nan, kowa yana ganin shi ya yi nasara.

Sai dai tsintar tasa ba ta yi kyau ba. Kashegari wani direban tirela ya tauna tsakuwa, haƙorinsa ya ɓalle, ya miƙe yana ta bambami. Gwaggo ta ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya kuskure baki, ta ce don Allah ya rage murya, mai digiri biyu ne ya tsince waken, ba ƙaramin mutum ba. Direban ya tafi riƙe da kumatu, ita kuwa ta laɓe bayan tukwane ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.