Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Har gobe ban manta ranar da na kai ɗalibaina gasar lissafi a Daura ba. Lokacin ina ƙaramin malami a wata sakandaren 'yan mata ta wajen Mai'adua. Mun kai zagayen ƙarshe, mun yi kunnen doki da wata makarantar cikin gari. Tambaya ɗaya ta rage, wanda ya ci ta, shi zai wakilci masarauta a Katsina.

Alƙalin gasa Malam Idi ne, tsohon sufeton makarantu, shi ya koya mini lissafi ina yaro. Ya karanto: "Miliyan ɗaya da ɗaya, tana rabuwa ko ba ta rabuwa?" Ga wanda bai sani ba, lamba marar rabuwa ita ce wadda babu mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

Ɗalibata Rabi ta miƙe ta ce, "Tana rabuwa, Malam." Ya duba takardarsa ya ce, "Kin faɗi." Ɗaya ɓangaren ya kaure da tafi.

Rabi ta zo gefena idonta ya kawo ruwa. "Wallahi Malam ɗari da ɗaya tana raba ta. Yadda sha ɗaya ke raba dubu da ɗaya, ita ma haka take." Na gwada a bayan ambulan ɗin wasiƙa da ke aljihuna. Kai! Yarinya ta yi gaskiya.

To fa. Kun san halinmu, ba a gyara wa babba magana a bainar jama'a, balle malaminka. Shugabar makarantarmu har ta ja min hannun riga, wai in rufa mana asiri. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma na tashi, na cire takalmi, na durƙusa gefen kujerar Malam Idi, na yi ƙasa da murya.

"Malam, a gafarce ni. Da nawa aka gwada ta?"

"Har sha uku. Duk ba su shiga ba."

Abin da muka saba ke nan, mu gwada ƙananan lambobi, in mun gaji mu yanke hukunci. Na miƙa masa ambulan ɗin na koma na zauna.

Tsohon nan ya tashi da kansa ya ɗauki alli. Ya rubuta 9,901 sau 101 a allo, ya yi ta bi a hankali har 1,000,001 ta fito. Ya juyo ya ce, "Ni ne na faɗi, ba yarinyar nan ba. 'Yata, zo ki nuna musu yadda kika gano."

Mu muka tafi Katsina. Tun ranar na daina dogara da takardar amsa sai na lissafa da hannuna. Kuma in ɗaliba ta ce min, "Malam, ba haka ba ne," ba na tsawa. Alli nake miƙa mata.