Baba Helmut, Gwanin Mutuwa

Kun dai san Baba Helmut ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya duba inda zai faɗi. Ya tattaka kafet, ya ture tebur gefe, sannan ya ce sannunku. Shekara arba'in yana wasan kwaikwayo a Jamus, kuma a faɗarsa ba a taɓa barinsa ya kai ƙarshen wasa da rai ba. An soke shi, an shaƙe shi, guba kuwa ya sha ta ishe shi.

Aure ya kawo shi Birmingham. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe ɗan gidan wasansu, sai ya dawo Manchester yana yi mana majinyacin ƙarya, mu likitocin da ke shirin jarrabawa. Ranar farko ciwon kai aka rubuta masa ya kwaikwaya. Ina cikin tambaya sai mutumin nan ya dafe ƙirji ya zube! Na rikice, na hau danna masa ƙirji.

Ya buɗe ido ɗaya. "Dokta Rahila, kin tare wa 'yan kallo fuskata."

"Baba, headache fa aka rubuta!"

"Wanda ya rubuta bai san aikinsa ba."

Ranar da ya ci tuwo a gidanmu a unguwar Withington, fuskarsa ta yi jawur, ga hawaye, ga tari. Maigidana Bitrus ya miƙe yana tafi.

"Ruwa!" in ji Baba.

"Kai, ji murya!" in ji Bitrus.

Ashe yaji ne ya sarƙe shi da gaske. Da ya farfaɗo sai ya rusuna mana, wai tafi ba a mayar da shi.

Hunturun bara na same shi ya rame. Na ce, "Baba, yau sai na kai ka wajen GP, likitanka ya duba ka." Ya miƙe zumbur, ya yi waƙa da Jamusanci, ya zagaye ɗakin da rawa, ya cinye cinyar kaza a gabana. Na tafa masa, na koma gida hankalina kwance.

Bayan kwana goma aka kira ni daga asibiti, aka ce ya rasu. Tun bazara ya san cutarsa. Sau ɗaya tak ya taɓa fitowa a mai lafiya, kuma ni likita ya yi wa, na kuwa yarda. Har yau abin yana cin raina, na rasa ko fushi zan yi ko tafi. Nas ɗin da ta yi jinyarsa ta ce da safen sai da ya roƙe ta ta ture tebur gefe.

Ya Ubangiji, mu dai ba mu taɓa rabe wasansa da gaskiyarsa ba, kai ka sani. Ka shimfiɗa masa wuri mai laushi. Amin.