Injin Da Taubashina Ya Hana Ni Taɓawa

A wancan lokaci ni saurayi ne mai jini a jika, ina noman gero da gyaɗa a gonar mahaifinmu a Madarunfa. Ba na kwana da yunwa, amma idona ba ya ƙoshi. Wanda ya tsone min ido shi ne taubashina, ɗan gwaggona, da muka tashi tare muna kiwon awaki. Ya tafi Aljeriya aikin gini, duk zuwan da zai yi sai da sabon abu: bana moto mai ƙafa biyu, baɗi ɗakin siminti. Tsofaffi su yi ta sa masa albarka a gabana, ni kuwa ina dariyar yaƙe. Wallahi hassada na yi masa, ba ta da wani suna.

Na roƙe shi ya tafi da ni, ya ce in zauna in riƙe gona, can ba wurin zuwa ba ne. Da farko na ɗauka wasan taubasantaka ne, da ya maimaita sai na ce baƙin ciki ne kawai. Na sayar da bijimina na bi bayansa, ba fasfo, ba takardar zama. Da ya gan ni a bakin ginin da suke aiki bai yi murna ba, amma ya nema min wuri. A cikin kangon muke kwana, in an hango motar ƴan sanda kowa ya nemi maɓoya. Ni aka ba ɗaukar yashi da bulo zuwa saman bene cikin rana, shi kuwa yana ƙasa a inuwa yana yanka karon daɓe, wato tayil, da inji, kuma ladansa ya fi nawa. Da yamma zai fito fari fat kamar ya faɗa buhun gari, yana tari, ya sha madara, don a wurinmu an yarda madara tana wanke ƙura daga ƙirji. Ni inuwar kawai nake gani.

Ran nan na zagaye shi na sami mai aikin, na ce zan riƙe injin a ƙasa da abin da ake biyansa. Nan take ya yarda. Da taubashina ya ji, ya zo ya tsaya kai da fata cewa hannuna rawa yake, zan ɓata musu kaya. A gaban mutane ya kunyata ni, har mai aikin ya fasa ba ni injin. Na daina yi masa magana, na buga waya gida na ce ya tare min hanyar arziki, har mahaifiyata da gwaggo suka daina gaisawa.

Tarin taubashina ya ci gaba har numfashi ya fara gagararsa. Asibiti ba ya zuwa, don marar takarda tsoro yake kar daga can a kwashe shi a zubar a bakin iyaka. Sai ƙwayoyi da madara, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Ni na rako shi gida. Likita a Maraɗi ya duba hoton ƙirjinsa ya ce ƙurar dutse ce ta daskare a huhu, kuma ba maganin da ke fitar da ita. A mota muna komawa ya gaya min cewa wanda ya koya masa injin, wani mutumin garin Gabi, haka ya koma gida bai tashi ba. Ya ce shi sai da ƙura ta riga ta kama shi ya gane, amma ba zai bari gida ɗaya ya yi asarar mutum biyu ba. Har da tsokana, wai in na mutu wa zai riƙa zagi. Na kasa ɗaga kai in dube shi.

Yau ni nake nome masa gona, shi kuwa daga ɗaki zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Ƴan'uwana matasa, ɗan ci-rani kayan da ya samo yake nunawa, ba ya nuna abin da ya bayar. Kada ku tafi ba takarda, kada ku yi aikin ƙura ba kariya. In wanda ya riga ku zuwa ya ce kar ku zo, ku zauna ku tambaye shi dalili. Ni ban tambaya ba, sai da na ji shi a bakin likita.