Sunan da Baba Ya Kulle Muryarsa da Shi

Baba malamin firamare ne a Mairuwa, kuma bayan ya yi ritaya ya ɗauri aniyar ɗaukar muryarsa a waya. Tarihin gidanmu, iyakokin gonaki, har waƙoƙin noma na kakanni, duk ya tura su cikin asusunsa na intanet. Da ya rasu wayar ta lalace, layin kuma aka rufe. Muryar tana can a kulle, mu muna waje.

Ni ce babbar ɗiya, kuma ni ce mai gajen haƙuri. Na zauna a tsakar gida da hantsi ina fama da shafin shiga asusun. Ya ce zai tura lambar sirri zuwa layin da babu shi. Na yi tsaki. Sai ya kawo tambayar da Baba ya tanada da kansa don tantance mai shiga: "Wane suna nake kiran matata?"

Abin dariya. Mutumin da tun tasowata ban taɓa jin ya kira Inna da komai ba sai "ke"! Na rubuta sunanta na yanka, aka ce a'a. Na rubuta Hajiya, aka ce a'a, saura dama ɗaya a rufe asusun. Wallahi na tsorata, har na ji haushin shafin, ko da yake gaskiyarsa ce. Bai san ni ba, don me zai buɗe mani?

Inna tana gefe tana tankaɗe. Na karanta mata tambayar. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam dai bai bar halinsa ba." Na yi ta roƙo, ta ƙi. A wajenmu mace ba ta faɗin irin wannan gaban ɗiyan fari, kunya ba ta bari.

Can ta kakkaɓe gari daga hannunta, ta jawo kunnena, ta raɗa mani kalma ɗaya. Na rubuta ta.

Ya buɗe. Muryar Baba ta cika gidan, yana gyaran murya kamar kullum kafin ya fara magana. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya tana hawaye.

Ƙannena sun dame ni in faɗa masu sunan. Su je su tambayi mai shi.